Ƙera Ƙaramar Gingimari a Kan Hanyar Maraɗi: Daga Motar Kara zuwa Samfuri Mai Ma'auni

Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Diffa, ita ce ta ratsa gundumomi da dama na jihar Maraɗi, ciki har da Gidan Rumji da ke yamma da birnin Maraɗi, da Agye da Gazawa da ke gabashinsa, saboda haka yaron da ya tashi a garuruwan bakin hanyar, irin su Tsibiri da Cadawa, yakan buɗe ido ne da ganin manyan motocin kaya suna wucewa dare da rana. Da zarar an girbe gero da dawa, kara ya bushe a gonaki, sai yara su shiga harhaɗa motar kara, suna fere ɓawon karan su yi falankai da shi, su yanka totuwar cikinsa su yi ginshiƙai, su soke wannan a jikin wancan har mota ta tashi. Waɗanda suka ɗan tasa sukan wuce zuwa motar langa-langa da ta waya da ta gwangwani, mai dogon sitiyari wanda yaro ke riƙewa yana tafe a bayanta. Wannan wasa sananne ne a ko'ina cikin ƙasar Hausa, amma a bayansa akwai wata sana'a mai ƙa'ida wadda manya ke yi a ƙasashe da dama, ita ce ƙera samfuri mai ma'auni, wato ƙaramar mota da aka rage tsawonta da faɗinta da tsayinta da kaurin kowane sashe nata da kaso ɗaya tak, ta yadda wanda ya auna ƙaramar zai iya lissafa girman babbar ba tare da ya gan ta ba.

Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka da Japan suna da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a sayi kwalin da masana'anta ta zuba dukkan sassan motar da roba, mai saye ya manna su ya yi fenti; kamfanoni irin su Italeri na Italiya da Heller na Faransa suna fitar da manyan motoci a ma'aunin 1:24, AMT na Amurka kuma a 1:25. Hanya ta biyu, wadda ta fi wuya kuma ta fi daraja a wurinsu, ita ce ƙira daga tushe, inda mutum zai zana motar da kansa, ya yanka kowane sashe daga fallen roba ko tagulla ko katako. Ga wanda yake son ya kwaikwayi tsohuwar gingimarin da ta yi jigilar gyaɗa a Agye ko Gidan Rumji, hanya ta biyu ce kaɗai a buɗe, kuma dalilin bai tsaya ga tsadar kwalin ko rashinsa a kasuwa ba. Motar da ta yi aiki a wannan hanya ba ta taɓa fitowa daga wata masana'anta a cikakkiyar surarta ba, domin kai da inji da shasi ne suke zuwa daga Turai, bodin katako kuwa kafintoci ne suke gina shi a nan Afirka ta Yamma bisa buƙatar mai mota da irin kayan da zai ɗauka, sannan mai fenti ya ƙawata shi, makanike ya ƙara ganyen sifirin, mai walda ya liƙa tankin mai na biyu da akwatin kayan aiki. Rabin motar da ido ke gani aikin hannun mutanen yankin ne, kuma wannan rabin ba ya cikin littafin zanen kowane kamfani.

Gyaɗa ce ta jawo waɗannan motoci. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi da Tasawa ta riƙa gangarawa kudu ta Jibiya da Katsina zuwa tashar jirgin, da farko a kan raƙuma da jakuna da takarkarai, daga baya a cikin motoci. A shekarun 1950 hukumar mulkin Faransa ta tsara karkatar da wani kaso na amfanin zuwa tashar jirgin ƙasa ta Parakou, daga can zuwa Kwatano, abin da ya tsawaita tafiyar ya kuma ƙara buƙatar manyan motoci. Bayan Nijar ta sami mulkin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyaɗa da fitar da ita, kuma yawancin alhazan Maraɗi, waɗanda masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun fara tara dukiya ne a cinikin gyaɗa kafin su faɗaɗa zuwa sufuri da kasuwancin kan iyaka. Farin da ya yi tsanani a 1973 da cutar da ta lalata shukar gyaɗa a 1975 sun karya wannan ciniki, amma motocin ba su tsaya ba, sun koma ɗaukar wake da gero da dabbobi, da ayar da Agye da Cadawa da Gazawa suka yi suna wajen nomanta, da tabarmi da igiyoyin kaba daga kwarin Gulbin Kaba.

Iri biyu na waɗannan motoci ne suka fi cancanci mai ƙira ya san su. Na farko shi ne Berliet, kamfanin da Marius Berliet ya kafa a Lyon, wanda motocinsa suka bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Nau'insa na GLR, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1940 aka kuma ci gaba da ƙera shi har shekarun 1970, yana da dogon hanci da inji mai silinda 5, kuma tambarin da ke gabansa hoton kan jirgin ƙasa ne, domin da kuɗin da wani kamfanin jiragen ƙasa na Amurka ya biya a 1905 don samun izinin ƙera motocinsa ne Berliet ya faɗaɗa masana'antarsa. Sunan ya ƙara shiga tarihin Nijar lokacin da motoci 9 nau'in GBC 8, waɗanda dukkan ƙafafunsu ke ja, suka ratsa hamadar Tenere tsakanin ƙarshen 1959 da farkon 1960. A 1978 aka haɗe kamfanin da Saviem a ƙarƙashin Renault, sunan kuma ya ɓace daga goshin sababbin motoci ba da jimawa ba. Na biyu shi ne Marsandi mai gajeren hanci, wanda aka fara ƙerawa a 1959, lokacin da dokokin Jamus ta Yamma suka taƙaita tsawon manyan motoci, abin da ya sa injiniyoyi suka tura wani sashe na injin zuwa cikin ɗakin direba. An ci gaba da ƙera shi domin kasuwannin waje har tsakiyar shekarun 1990, an kuma harhaɗa Marsandi a masana'antar ANAMMCO da ke Inugu, don haka kayan gyaransa ba su yi wuyar samu a kasuwannin Kano ba. Lambobin da ke jikinsa bayani ne a dunƙule, domin na farko suna nuna jimillar nauyin mota da kayanta a tan, biyun ƙarshe kuma ƙarfin doki idan an ninka su sau goma: 911 tan 9 ce mai ƙarfin doki kimanin 110, 1113 tan 11 mai kimanin 130, 1924 kuwa tan 19 mai kimanin 240.

Ma'auni shi ne abu na farko da za a yanke shawara a kansa. Idan aka ce 1:20, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana wakiltar santimita 20 a jikin babbar mota, don haka mota mai tsawon mita 8 da faɗin mita 2.4 za ta koma mai tsawon santimita 40 da faɗin santimita 12. Wannan kaso ya fi na masana'antun Turai sauƙin lissafi ga mai aiki da rula da fensir, tunda raba lamba gida 20 bai wuce a raba ta biyu a matsar da ɗigo ba. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne nauyi ba ya raguwa da wannan kaso, yana raguwa ne da 20 sau 20 sau 20, wato kashi 8,000, ta yadda motar tan 9 da lodinta za ta dawo kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Shi ya sa ƙaramin samfuri ba ya zama a kan sifirinsa kamar yadda babbar mota ke zama, kuma dole mai ƙira ya gina nauyin a cikin surar da gangan, ya kwantar da ganyen sifirin na baya, ya sauke bodin kusa da tayoyi.

A aikace, taya ce take zaɓar ma'auni, ba mai ƙira ba. Duk sauran sassan ana iya yanka su a kowane girma, amma da'ira shida ko bakwai masu girma ɗaya suna da wuyar samu ga wanda ba shi da injin gurza, saboda haka dabara ita ce a fara nemo abin da zai zama taya, a auna shi, sannan a fitar da ma'aunin daga gare shi. Tayar da ake rubuta wa 10.00-20, wadda irin waɗannan motoci suka saba ɗauka, tana da wili mai inci 20 da faɗin da'ira da ya ɗan haura mita ɗaya, don haka abin da ya kai santimita 5 da ɗan kai, kamar bakin ƙaramin gwangwanin tumatir, yana bayar da ma'aunin da ya kusanci 1:20. Da bakin gwangwanin da aka wasa ake huda tsohon silifa a fitar da tayar roba, a goge gefenta da samfefa har ya yi kumburin da taya ke da shi, a tsaga zanen ƙasanta da reza ko da waya mai zafi. A nan ne motar yara ta fi rabuwa da samfuri, domin yaro yakan ɗauki murfin kwalba ya sa wa mota mai tsawon kamu biyu, ita kuwa gingimari tayoyinta na baya biyu-biyu ne a kowane gefe, kuma wilin gaba yana bultsowa waje yayin da na baya yake lotsawa ciki, ko da yake wili iri ɗaya ne aka juya.

Bayan taya sai awo. Wanda ya sami tsohuwar mota a gareji ko a bayan tasha, ya nemi izinin mai ita ya auna ta da tef, ya huta da rabin wahala. Wanda hoto kaɗai yake da shi zai yi amfani da wili a matsayin rula, tunda girmansa sananne ne, ya gwada sau nawa faɗin wilin ya shiga tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar ta baya, da tsayin kai, da tsawon bodi. Sharaɗin shi ne hoton ya zama an ɗauke shi daga gefe sosai kuma daga nesa, domin wanda aka ɗauka a kusa yana kumbura abin da ke daf da kyamara ya ƙanƙantar da na nesa. Tazarar da ke tsakanin gatarin gaba da na baya ita ce ma'aunin da ba a yafe kuskure a cikinsa. Idan ta kasance mita 4.2, to a samfurin santimita 21 ce, kuma ƙarin santimita ɗaya kacal ya isa ya sa tsohon direba ya ce wannan ba motar da ya sani ba ce. Daga waɗannan awo ake zana motar a takarda ta fuska uku, gefe da gaba da sama, a ainihin girman da samfurin zai kasance, ta yadda za a riƙa ɗora kowane sashe a kan zanen ana gwadawa.

Shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da ƴan gajeru a tsakani kamar tsani, shi ake fara ginawa, kuma langa-langa da aka lanƙwasa bakinsa sama da ƙasa yana ba da surarsa daidai. Ana ɗaure shi a kan shimfiɗaɗɗen katako kafin a yi dalma, domin idan ya murɗe ko kaɗan ƙafa ɗaya za ta rataye a sama. Sifirin ana yin sa da siraran fallayen gwangwani da aka jera, kowane ya fi na samansa gajarta, gatari da sipok ɗin keke, farfela da salansa da bututun eriyar tsohuwar rediyo, wanda ke zuwa da kauri daban-daban da ke shiga cikin juna.

Kan motar ne yake cinye mafi yawan lokaci, musamman na Marsandi, domin hancinsa da madigadinsa da rufinsa suna lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda, shi kuwa fallen gwangwani yana yarda ya naɗe ta fuska ɗaya ne, idan aka tilasta masa ta biyu sai ya tattare. Maganin da maƙeran Turai suke yi shi ne su sassaƙa surar a katako su gasa fallen roba su ja shi a kanta. Mai aiki da gwangwani zai iya bin rabin wannan hanya, ya sassaƙa hancin a itace mai tauri, ya gasa fallen a wuta har ya yi laushi, ya bar shi ya huce, sannan ya riƙa bubbuga shi da ƙaramar guduma daga tsakiya zuwa baki, irin yadda masu ƙera ludayi da kasko na ƙarfe suke yi a kasuwa. Wata hanyar ita ce a bar sassaƙen katakon ya zama shi ne hancin, a toshe ramukansa da garin zarto da gam, a goge, a shafa fenti sau da dama har idon itacen ya ɓace. Berliet ya fi sauƙi ta wannan fuska, tunda gefen hancinsa ya fi miƙewa, sai dai ramukan iskar da ke jikinsa suna buƙatar haƙuri. Gilashi ana yanka shi daga miƙaƙƙen sashen gorar ruwa, a zagaye bakinsa da baƙin zare a madadin roba. Wanda ya gaza a wurin bakin motar, wato ragar da ke gaban lagireto da mazaunin fitilu, ya gaza gaba ɗaya, domin da fuska ake gane mota tun daga nesa, kuma kuskuren milimita ɗaya a nan ya fi na santimita a ƙarƙashin bodi fitowa fili.

A bodin katako ne kayan gida suka fi na masana'anta dacewa. Falanki mai kaurin santimita 3 yana komawa milimita ɗaya da rabi, wanda ya yi kusa da kaurin ɓawon karan dawa da aka fere, kuma ɓawon yana da jijiya a tsaye mai kama da ta katako, abin da roba ba ta da shi sai an zana mata. Ana jera falankan ɗaya bayan ɗaya a kan ginshiƙai, a bar ƴar tazara a tsakanin na sama kamar yadda kafintoci ke bari domin iska ta ratsa idan an ɗauki dabbobi ko mutane, a sa kan allura ko gutsuren ƙayar aduwa a wurin kusoshi, a yi rumfar kaya a saman kan direba, da tsani a gefe, da ƙugiyoyin ɗaure igiya, da mazaunin safayar taya, da weji, wato guntun katakon da karen mota ke cusawa a bayan taya idan an tsaya a gangare. Ƙyauren baya shi ne filin mai zane, inda ake ganin zaki ko mikiya ko masallaci ko mahayin doki, da addu'a ko kirarin mai mota da haruffan boko ko na Larabci, kuma a kan fili mai faɗin santimita 12 ba a iya yin wannan da burushi na kasuwa, sai da gashi biyu ko uku da aka ɗaure a tsinke.

Akwai saɓani tsakanin masu ƙira kan ko a bar samfuri yana ƙyalli kamar yau ya fito daga gareji, ko a tsufar da shi. Ga motar wannan hanya, ra'ayi na biyu ya fi kusa da gaskiya, domin wadda ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin kasuwannin ƙauye da kwalta ba ta rabuwa da jar ƙura a ƙasan bodi, da baƙin mai a bakin tanki, da tsatsa a inda ƙafar direba ke takawa. Ƙasar wurin da aka tankaɗe aka kwaɓa da ruwan ƙaro tana ba da launin da fenti ba ya bayarwa. Lodi ma yana bin ma'auni: buhu mai tsawon mita ɗaya santimita 5 ne, kuma ba a ɗinka shi da ainihin algarara, domin saƙarta za ta fito kamar raga, sai da ƙyalle mai laushi da aka rina da ruwan shayi aka cika da rairayi. Haka igiya take komawa zaren ɗinkin takalmi, tamfol kuma ƙyallen da aka shafa wa fenti mai ruwa.

Aikin yana da haɗarinsa, musamman a yankin noma inda gwangwanayen maganin ƙwari suke yawo a gidaje, waɗanda bai kamata a yanka su ko a gasa su ba ko an wanke. Bakin gwangwani ana naɗe shi ciki saboda yanka, dalma kuma ba a yin ta a rufaffen ɗaki, ba a kuma ba ƙaramin yaro abin da aka haɗa da ita. Samfurin kara abincin gara ne da ƙwaro, na ƙarfe kuma tsatsa take ci da damina, don haka wanda ake so ya daɗe sai an shafe shi da banis an ajiye shi a cikin akwati nesa da ƙasa.

A wasu ƙasashen Afirka wannan hannu ya zama abin neman abinci. A Antsirabe ta Madagaska akwai masu ƙera ƙananan motoci da kekuna daga gwangwani suna sayar wa baƙi, haka ma a Dakar, a Malawi kuma motar waya ta yara ta shahara har a ƙasashen waje. A Nijar, gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana da rumfunan masu sana'ar hannu. Amma abin da ake yi don baƙi yakan fifita launi da saurin gamawa a kan daidaiton awo, kuma garuruwan Gazawa da Agye da Gidan Rumji ba sa kan hanyar masu yawon buɗe ido, ga kuma motocin roba masu arha daga Sin da suka cika kasuwanni. Inda aikin zai fi samun gurbi shi ne makaranta, tunda ma'auni darasi ne na lissafin ƙarshen firamare, zanen fuska uku kuma shi ne tushen abin da ake koyarwa a makarantun fasaha irin ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi.

Su kansu motocin da za a auna suna ƙarewa. Tireloli na zamani da motocin Sin irin su Howo sun karɓe dogon zango, babura masu ƙafa uku sun karɓe ɗaukar kaya tsakanin ƙauye da kasuwa, kuma tsohuwar gingimarin da injinta ya mutu takan faɗa hannun ƴan gwangwan, waɗanda ke yanka ta da wuta su sayar da ƙarfen a kan sikeli, katakon bodin kuma ya zama ƙyaure ko benci ko makamashi. Gidauniyar Berliet da aka kafa a Lyon a 1982 tana adana zane-zanen masana'antar da ɗaruruwan motoci, Marsandi ma yana da gidan tarihinsa a Stuttgart, don haka awon kai da shasi ba zai ɓata ba. Awon bodin katako kuwa yana jikin motocin da suka rage ne da kuma kawunan tsofaffin kafintoci da direbobi, waɗanda suka san falanki nawa ake jerawa a gefe, da irin itacen da ake sa wa daɓe, da inda ake ƙara ƙarfe idan motar za ta ɗauki shanu.